Mussata ta ƙi akwatin bayan gida tun da muka dawo Yamai

Tambaya: Salamu alaikum likita. Aiki ya maido ni Yamai daga Tawa, na taho da mussata, mace ce, shekararta biyu. A Tawa gidanmu mai tsakar gida ne da rairai, ban ma taɓa sanin inda take zagayawa ba. A nan etaj muke haya, wato gidan bene, ko'ina karo, wato tayil. Na sayo mata akwatin roba mai murfi da 'yar ƙofa, da tsakuwa mai ƙamshi ta kanti, na ajiye a makewayi. Sau ɗaya ta leƙa, ba ta ƙara ba. Yanzu fitsari kan tabarma da dardumar salla, kashi bayan firigo. Na wanke da jabel, wato ruwan bilic, na yi mata faɗa, har na ɗan buge ta, ba abin da ya sake. Kwana goma ke nan, maigidana ya ce a bayar da ita. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙaura, Allah ya sa an sauka a sa'a. Ki roƙar mini Alhaji ya ƙara haƙuri na mako biyu kafin a yi maganar bayarwa. Na san zafin abin, mutum ya shimfiɗa darduma zai yi salla ya tarar da danshi, babu wanda ransa ba zai ɓaci ba. Amma kwana goma bai isa a ce hali ya zaunu ba, kuma abin da kika faɗa mini duka mai gyaruwa ne, ba da kuɗi masu yawa ba.

Kafin mu taɓa akwati, lafiyarta zan fara tambaya, domin kyanwar da fitsari ke yi mata zafi, ko wane irin akwati aka kawo mata ba za ta zauna ba. Ki sa mata ido yau da gobe. Tana tsugunawa sau da yawa, ɗan kaɗan ke fita? Tana kuka lokacin da take yi? Akwai ja-ja ko ruwan hoda a fitsarin, wanda a kan farin karo ba ya ɓuya? Tana yawan lasar bayanta? Kashin ya yi tauri kamar tsakuwa, ko kuwa zawo ne? Lafiyayyar kyanwa takan yi fitsari sau biyu zuwa huɗu a rana, kashi kuma kusan sau ɗaya. In kin ga ɗaya daga cikin waɗancan alamu, ki kai ta wurin likitan dabbobi kafin komai. Akwai kumburin mafitsara da ke kama kyanwoyi ba tare da wata ƙwayar cuta ba, tashin hankali kan tayar da shi, kuma tafiyar fiye da kilomita 500 cikin mota, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, sannan a sauke ta a gidan da ba ta san ko kusurwa ɗaya ba, ya isa ya tayar da shi. Kyanwa mai wannan ciwo tana neman wuri mai laushi ko mai sanyi ta tsuguna, wato tabarma, darduma, katifa, ko tsakiyar karo.

Taki mace ce, da sauƙi. Masu muzuru da ke karanta wannan kuwa, ku ji da kyau: hanyar fitsarin namiji siririya ce, tana iya toshewa ɗungurungum. Muzurun da ke ta yunƙuri ba abin da ke fita, ya daina ci, yana amai, cikinsa ya yi tauri, wannan ba a kwana da shi a gida. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda na iya tsayawa ya mutu. Kuma don Allah, namiji ko mace, kada a ba kyanwa parasetamol don an ga tana jin ciwo. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta mutum na iya kashe ta. Ina maimaita wannan duk inda na samu dama, saboda masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi.

To in lafiyarta ƙalau, sai mu duba abin ta wajenta. Mussarki ba ta bukatar a koya mata bayan gida. Tun tana mako uku zuwa huɗu da haihuwa ta fara tona ƙasa tana rufewa, shekara biyu kuma tana yi ba kuskure, shi ya sa ba ki taɓa ganin wurin ba. Abin a jininsu yake. Kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar dajin Afirka, wadda masana ke kira Felis lybica, kusan shekara 10,000 da suka wuce, kuma har yau ana samun wannan kyanwar daji a ƙasashenmu na Sahel. Dabbar busasshiyar ƙasa ce, ƙafarta rairai ta sani, tana binne abin da ta yi don kada warinsa ya tona inda take. Tsakuwar kanti kuwa baƙuwa ce. Sai a 1947 wani Ba'amurke mai suna Edward Lowe, a jihar Mishigan, ya fara sayar da busasshen yumɓu a buhu don kyanwoyi. Kafin nan Amurkawa da kansu rairai da toka suke zuba wa nasu. Irin wadda ke dunƙulewa in fitsari ya taɓa ta kuwa sai a shekarun 1980 ta fito. Duk ƙoƙarin masu yin ta shi ne su kwaikwayi abin da muke takawa kyauta a ƙofar gida. Saboda haka aikinki ba horo ba ne. Ki mayar mata da ƙasar da ta sani a cikin wannan etaj, sauran ita za ta yi.

Abin da ya faru shi ne an sauya mata komai a rana ɗaya: gari, gida, abin takawa, wari, sannan aka ce ta kutsa kai cikin wani rufaffen abu mai duhu ta ƙofar da ke bugun bayanta. Murfin nan don jin daɗin mutanen gida aka yi shi. A Yamai, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, rufaffen akwatin roba yana tara zafi da wari kamar masan tashar mota da tsakar rana, ke ma in kin leƙa sau ɗaya za ki nemi wani wuri. Hancinta kuma ya fi namu nesa ba kusa ba. Ƙamshin lemo ko furen da aka zuba a tsakuwar, wanda ke ba ki sha'awa a kanti, ita hawa mata kai yake yi, kuma kyanwoyi da dama ba sa son warin lemun tsami ko kaɗan. Ki cire murfin da ƙofar yau, ki ɗaga buhun tsakuwar nan ki ajiye.

Ni da zan zaɓa, babban bahon wanki na roba zan ce ki sayo, irin wanda ke jibge a kasuwar Katako ko Wadata, mai faɗi, ba mai zurfi sosai ba. Yawancin akwatunan kanti sun yi ƙanƙanta ga babbar kyanwa. Ma'aunin shi ne tsawonta daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin wannan, domin tana bukatar ta shiga, ta juya, ta tona, ta sake juyawa ta rufe. Bakin bahon kada ya wuce abin da za ta tsallaka ba wahala. Ga ɗan jariri ko tsohuwar da gaɓoɓi suka fara yi wa ciwo, a yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa, a goge bakin yankan kada ya ji mata. Sabuwar roba tana da wari, a wanke da sabulu a shanya kafin a zuba komai. Kuma baho biyu za ki ajiye, ba ɗaya ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce yawan kyanwoyin gida a ƙara ɗaya. Ga taki ma akwai dalili na musamman: a tsakar gida mai yiwuwa wurin fitsarinta daban, wurin kashinta daban, kuma abin da take yi yanzu, tabarma can, bayan firigo can, ya nuna haka. Gindin akwatin da kika saya zai iya zama na biyun.

Yanzu maganar rairai, wadda nan ce zan daɗe, don a nan mutane suka fi yin sakaci. Ba kowane rairai ba ne. Kada a ɗebo na bakin titi ko na gefen bola ko kwata. Wannan kyanwoyin unguwa da karnuka sun riga sun yi amfani da shi, yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙuma, ga fasassun kwalabe, ga warin wasu kyanwoyi da zai iya firgita taki. Ki nemi rairan gini mai tsabta wurin masu sayarwa, ko a roƙa miki buhu ɗaya a inda aka sauke sabuwar tifa. A tankaɗe shi da rariya a fitar da tsakuwa da ƙaya da karmami, a baza a kan kwano ko leda a rana mai zafi ya yini, ya bushe ƙarau. Rana tana rage ƙwari da danshi, amma ba ta kashe ƙwan tsutsa duka, shi ya sa kyanwar da ke kan rairai ake ba ta maganin tsutsa duk wata uku, wanda likita ya auna da nauyinta. Wasu sukan fesa wa rairan maganin sauro ko su ɗiga piya-piya wai don ƙuma. Kada ki kuskura. Za ta taka, ta lashe ƙafa, kuma da yawa daga cikin magungunan ƙwarin nan guba ne mai tsanani ga kyanwa. Bayan ya bushe a zuba a buhu a ɗaure, ko a bokiti mai murfi, musamman da damina, don jiƙaƙƙen rairai ba ta son sa.

Zurfinsa a baho kamar yatsu uku a jere, wajen santimita 5. In ya yi kaɗan ba ta samun abin rufewa, in ya yi yawa ƙafarta na nutsewa kuma rabinsa a ƙasa zai ƙare. In akwai mai zuwa daga Tawa cikin kwanakin nan, ki sa a ɗebo miki 'yar leda ta rairan tsakar gidanku, daga kusurwar da ake zaton nan take zuwa, ki barbaɗa a sama. In babu, ki ɗauki ɗan kashinta na bayan firigo ki binne a baho ɗaya, ki dangwali fitsarin da ɗan tsumma ki tura ƙarƙashin rairan ɗayan. Kaɗan ake sawa, abin da hancinta zai kama ya ce mata nan ne.

Rairai yana da aibinsa, ba zan ɓoye miki ba. Yana da nauyin hawa da shi bene, ba ya shanye wari kamar yumɓun kanti, kuma yana bin ƙafa. Dole a kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri safe da yamma, da tsohon matsami ko cokali mai huji da aka ware don wannan kaɗai. A lokacin zafi a zubar da shi duka bayan kwana biyu ko uku, a wanke bahon da ruwa da sabulu mara ƙamshi, a shanya. Tsohon buhu ko tabarmar roba a ƙarƙashin baho tana tare wanda ya fantsalo. Toka kuwa ban yarda da ita ba, tana cin tafin ƙafa in ta jiƙe, tana kuma shiga hanci. Garin katako na wurin kafinta ma ina ja da baya da shi, domin ba ka san wane katako aka shafa wa magani ko fenti ba. Kada kuma a ajiye kaskon turaren wuta kusa da baho don kashe wari. Hayaƙin na takura mata numfashi, zai kuma kore ta daga wurin da muke lallashinta ta zo. Kwashewa a kan lokaci ita ce ke kashe wari.

Makewayi, inda kika ajiye akwatin, ya yi daidai a tunanin mutum, amma a gidajenmu ƙofarsa kullum a rufe take, ƙasansa kullum a jiƙe, ga mai wanka, ga mai alwala, ga ƙarar ruwa. Sau ɗaya ta matsu ta tarar da ƙofa a rufe, ta koyi neman wani wuri. Ita kuwa ta riga ta nuna miki irin wurin da take so: bayan firigo, lungu, ba mai wucewa, ba mai zuwa mata ta baya. Ki nemi kusurwa mai kama da haka, mai inuwa da iska, inda za ta ga mai shigowa kuma tana da hanyar fita, nesa da kwanon abincinta da na ruwa, don ba ta ci a inda take zagayawa. Baranda na yi in akwai inuwa kuma an sa mata raga, amma barandar da rana ke duka da azahar robar kanta zafi take yi, ga haɗarin faɗowa daga bene. Bahunan biyu kada a jera su gefe da gefe, a wurinta wannan wuri ɗaya ne.

Hanyar da ta fi saurin aiki ita ce a rage mata gidan na 'yan kwanaki. Ki zaɓi ɗaki ɗaya mai sanyi, ki naɗe duk tabarma da kafet da darduma da tulin wanki a fitar, ya zama ba abin da ya rage mai laushi sai shimfiɗarta. Abinci da ruwa da wurin kwana a bango ɗaya, baho a bango mai nisa, na biyun a wata kusurwa. Ki sa mata kwali a kife da ƙofa a gefe, wurin ɓuya, da wani zanenki da kika ɗaura ba a wanke ba. Kwana uku zuwa mako ɗaya ya isa. Wannan ba kurkuku ba ne, kuma duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. A shiga wurinta sau da yawa, a zauna, a yi mata wasa da igiya, kada ruwa ya yanke, kuma in an ɗauke wuta da rana a duba ko ɗakin bai yi zafi ba. Ƙaramin wuri yana kwantar wa baƙuwar kyanwa hankali, domin ta fi saurin mallakarsa.

Lokutan da ta fi zagayawa su ne bayan ta ci, bayan ta tashi daga barci, da bayan wasa. In kin ga tana sunsuna ƙasa tana kewaye tana karta da ƙafa, ki kira ta a hankali zuwa wajen baho, ki ɗan motsa rairan da cokali ta ji ƙararsa. Kina iya ɗora ta a ciki sau ɗaya, a hankali, in ta fita ki ƙyale ta. Kada a danne ta, kada a kama ƙafafunta a tona da su, kada yara su taru a kanta suna kallo. In ta yi a ciki, ki bari ta gama ta fito, sannan ki yaba mata da murya mai taushi, ki ba ta ɗan abin da take so. Bayan kwana uku a jere ba kuskure, a buɗe mata ɗaki na gaba, a hankali har ta gama gidan. Dardumar salla kuwa daga yanzu a naɗe ta a ɗora a sama da zarar an sallame, ko bayan komai ya daidaita.

Maganar duka, Hajiya, ki bar ta kwata-kwata, ki kuma faɗa wa yara da mai aiki. Kyanwa ba ta haɗa dukan yanzu da fitsarin ɗazu. Abin da take koya shi ne hannunki abin tsoro ne, kuma tsugunawa a gaban mutane haɗari ne, sai ta koma yi a ƙarƙashin gado da tsakar dare. Masu goga hancinta a cikin fitsarin ma haka, ƙazanta da tsoro kawai suke ƙara mata. Tsoron nan kuma shi ke ciyar da ciwon mafitsarar da na faɗa a sama. Tunda an riga an buge ta, ki ba ta kwana biyu ta dawo da yarda, ki bari ita ta zo wurinki.

Wankin da kika yi da jabel shi ma ya taimaka wajen mayar da ita wurin. Jabel na kashe ƙwayoyin cuta, amma warinsa na jan kyanwoyi da yawa, za ki ga suna birgima a inda aka goge da shi, wasu su sake yin fitsari a kai. Haɗa shi da fitsari mai yawa kuma na tayar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Crésyl da danginsa, masu mayar da ruwa fari kamar madara, da ake yawan wanke makewayi da su a garin nan. Sinadarin da ke cikinsu hantar kyanwa ba ta iya fitar da shi, ta taka ta lashe ya zama guba. Ga yadda ake yi: a tsane fitsarin da tsumma tukuna, kada a goga ya bazu. A dama garin omo, kashi ɗaya cikin goma na ruwa mai ɗumi, a wanke wurin, a bi layukan da ke tsakanin karo da buroshi don nan wari ke maƙalewa, a ɗauraye da ruwan sanyi, a bari ya bushe. Sannan a ɗan fesa alkol na farmasi, a rufe ɗakin har ya bushe sarai kafin ta shigo. Tabarma da darduma a wanke su da ruwa mai yawa a shanya a rana. Tabarmar kaba da ta sha fitsari sau da yawa, ko soson katifa da ya jiƙe har ciki, gara a haƙura da su. Bayan firigo a ja shi a wanke, sannan a toshe lungun da kwali. Wurin da ba ya toshuwa, a ajiye ɗan kwanon abincinta a kai na 'yan kwanaki.

Daga nan ita za ta riƙa gaya miki abin da ya rage, in kin lura. In tana yi a gefen baho, dab da shi, wurin ya yi mata, abin da ke ciki ne bai yi ba, ko ya yi datti ko ya yi ƙanƙanta. In tana ɗarewa a bakin baho ba ta son taka ciki, tana karkaɗe ƙafa, ta fice da gudu ba ta rufe ba, rairan ne ko tsakuwar. In kuwa ba ta zuwa kusa ma, can wani ɗaki take tafiya, wurin ne bai kwanta mata ba, sai a kai baho inda ta zaɓa, ko da tsakiyar falo ne, na ɗan lokaci. In ta saba, a riƙa jan sa kamar taƙi ɗaya a rana zuwa inda kike so. Akwai kuma wani abu daban da ake rikitawa da wannan: kyanwa ta tsaya a tsaye, ta juya baya ga bango ko labule ko ƙofa, wutsiya a miƙe tana rawa, ta fesa ɗan fitsari. Wannan alamar iyaka ce take sawa, ba matsuwa ba ce. Muzurai suka fi yi, amma mace ma na yi, musamman lokacin da take neman namiji ko in tana jin warin kyanwoyin maƙwabta a matakala. Ba ki faɗa mini ko an yi mata aikin hana haihuwa ba. In ba a yi ba, ki yi shawara da likita, don a etaj kukan neman namiji kaɗai ya isa ya haɗa ki da maƙwabta. A muzurai, dandaƙa na kawar da feshin ko ta rage shi sosai a wajen tara cikin goma.

Ki kula da shan ruwanta. Kyanwa ba ta da yawan jin ƙishirwa, a daji daga naman da ta kama take samun ruwa. In kin mayar da ita kan busasshen abincin buhu tun zuwanku, ga zafin Yamai, fitsarinta zai yi kauri, ya ƙara wari, ya ƙara taɓa mafitsara. Tana bukatar kusan mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato mai kilo 4 kusan kofin shayi babba ɗaya. A ajiye ruwa wuri biyu ko uku, a sauya kullum. Ƙaramin kaskon ƙasa na riƙe sanyi fiye da roba. A riƙa haɗa mata da jiƙaƙƙen abinci, dafaffen nama ko kifi da romonsa, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, don albasa da tafarnuwa na lalata musu jini.

In daga baya ɗaukar rairai ya gajiyar da ke, kina son komawa ta kanti, ba laifi, amma sai ta yi wata guda cur tana amfani da baho ba matsala. Ki zaɓi mara ƙamshi, mai laushi kamar rairai, ba mai manyan ƙwayoyi ba. A baho ɗaya kaɗai za ki fara, ɗayan ya zauna da rairansa. Kashi ɗaya cikin huɗu na sabuwar a gauraya, bayan kwana huɗu ko biyar a kai rabi, sannan kashi uku, har ta cika. In ta ja baya a wani mataki, a koma na baya a dakata. Ki tuna kayan kanti daga waje ake shigo da su, yau akwai gobe babu, saboda haka kada buhun rairai ya yanke a gidan. Ga masu 'yan jarirai ƙasa da wata uku, a guji irin mai dunƙulewa, don suna ɗanɗana komai kuma tana iya toshe musu hanji.

Abu ɗaya da ya shafi lafiyarki: in kina da juna biyu ko kina sa rai, wani ya ɗauki aikin kwashe baho. Akwai ƙwayar cuta da ake kira toksoplasma da kan fito a kashin kyanwa, tana iya cutar da ɗan da ke ciki. Ba ta zama mai kamawa sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje, shi ya sa kwashewa kullum ke rage haɗarin ƙwarai. Wannan ba dalilin rabuwa da kyanwa ba ne. In ba mai taimako, a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu. Abin da aka kwashe a ƙulle a leda a kai shara. Kada a zuba a masai ko magudana, rairai zai toshe bututun gidan duka, kada kuma a zuba a gindin kayan lambu ko inda yara ke wasa.

Yawancin kyanwoyin da suka taso a tsakar gida, ranar da suka ga rairai a buɗaɗɗen baho a wuri mai shiru, a ranar ko washegari suke shiga. In mako biyu ya cika kin yi duk wannan ba sauyi, ki kai ta a duba fitsarinta ko da ba ki ga alamar ciwo ba. Kafin ki je, ki ɗauki bidiyonta da waya lokacin da take yi in kin samu dama, ki ɗauki hoton bahunan da inda suke, ki rubuta sau nawa take fitsari a rana da abin da take ci. In fitsarin ya taru a kan busasshen karo mai tsabta, ki zuƙe shi da sabon sirinji, ki kai cikin awa biyu, ko ki sa a firigo cikin leda in za a ɗan jima.